Cinikin Biri a Sama: Felet, Ma'adinai da Harshen Buhun Abincin Kaji a Iyakar Jibiya

Motar da ta ɗauko kaya daga Katsina za ta Maraɗi sai ta ratsa Daddara, ta kai Magama inda jami'an kwastan suke, sannan ta tsallaka zuwa Ɗan Isa. Masara da dawa da dusar alkama kan yi arewa, dabbobi da wake da aya su yo kudu. Fatauci a wannan hanya ya girmi layin da ya raba Katsinawan Nijeriya da 'yan uwansu na Maraɗi. A 'yan shekarun nan wani kaya ya shiga sahun waɗanda ake saukewa a shagunan bakin hanyar, wato buhun abincin kaji mai nauyin kilo 25. Idan aka kwance bakinsa, sau da yawa ba gari ake tararwa ba, sai wasu gajerun sanduna masu santsi, kowace kamar 'yar uwarta, waɗanda 'yan kasuwa da masu kiwo suke kira felet.

Matar da ta gaji kiwon kaji daga uwarta ta san dusa da hannu. Za ta ɗebo ta murza, ta sansana, ta dubi tsakin da ke ciki, ta gane ta gero ce ko ta dawa, sabuwa ce ko ta fara tsami, an cuɗa ta da ƙaiƙayi ko ba a cuɗa ba. Felet ya raba ta da wannan ilimi. An niƙe komai, an turara, an matse, har masara da waken suya da garin dutse sun zama jiki ɗaya mai launi ɗaya. Abin da ya rage mata ta auna shi ne tauri: ta matsa ƙwaya tsakanin yatsu, in ta ƙi fashewa ta ce abinci ya yi kyau. Sauran bayanin yana jikin buhu da Ingilishi, in ma buhun ta saya. In kuwa mudu ɗaya ko biyu aka auna mata, bayanin ya tsaya can a ɗakin ajiyar mai shago. Cinikin biri a sama ke nan. Tunda kuma abinci ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kiwon kajin gidan gona, birin ba ƙarami ba ne.

Taurin ƙwayar felet da amfaninta a jikin kaza abubuwa biyu ne daban, wani lokaci ma kishiyoyin juna. Mai kiwo ba zai iya rarrabe su ba sai yana da kalmomin da zai yi tambaya da su, kuma a nan ne maganar ta shafi manazarcin Hausa, ko da kuwa bai taɓa mallakar akurki ba.

Aikin injin felet ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa kallon ana murza taliyar Hausa ko ana turara dambu. Ana niƙa hatsi da sauran kayan haɗi, a gauraya, sannan a tura garin cikin wata doguwar ganga inda ake busa masa tururi har zafinsa ya kai digiri 75 zuwa 85 a ma'aunin Salshiyas, damshinsa kuma ya kusanci kashi 16 cikin ɗari. Daga nan wasu nannauyan ƙafafun ƙarfe su danna shi ta cikin ɓulolin wani kakkauran faranti, wuƙa ta riƙa yanke abin da ya fito, iska ta huce shi ta busar. Gangar tururin nan ita ce madambacin aikin. Tururi yana tausasa sitacin da ke saman ƙwayoyin gari har ya yi danƙo, ya lausasa furotin, ya kashe wani kaso na ƙwayoyin cuta. Mai dambu tana son garinta ya fito wara-wara, mai fura tana son nata ya kama ya curu. Mai injin felet yana neman abin da mai fura take nema, amma da kayan da suka fi dacewa da dambu.

Ana shan wannan wahala ne saboda kajin nama. Kazar da aka ba felet takan ci da yawa cikin ɗan lokaci, ba ta zaɓar tsaki ta bar gari, kuma ɓarnar da take yi da baki a mazubi takan ragu. Wannan riba tana tafiya ne da ƙwarin ƙwayar. In ta marmashe ta koma gari kafin ta isa gaban kaza, an biya kuɗin tururi da na wuta a banza. Shi ya sa a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka aka ƙirƙiro gwajin da masana'antu da dama suke amfani da shi har yau: a zuba giram 500 na felet a cikin akwati, a juya shi sau 50 a minti har tsawon minti goma, a tankaɗe, a auna abin da ya tsira. Masana wannan fanni suna yawan kawo wani kasafi na abubuwan da ke hukunta ƙwarin felet. Kayan haɗi suna da kashi 40, laushin niƙa 20, turarawa 20, farantin inji 15, hucewa da bushewa 5. Ko da ba a ɗauki alƙaluman a matsayin nassi ba, sun nuna cewa kaso mafi tsoka an gama yanke shi tun a kasuwar Dawanau ko ta Dandume, ranar da aka zaɓi abin da za a saya.

Alkama ita ce sarauniyar ɗauri, saboda furotin ɗinta mai danƙo, wanda shi ne ke sa ƙullun taliya ya miƙe ba ya tsinkewa. Masara, wadda ta kan kai rabin haɗin kajin nama ko fiye, ba ta da wannan hali. Dawa ta fi masara gardama. Sitacinta yana son zafi mai yawa kafin ya yi danƙo, furotin ɗinta kuwa in ya sha zafi da damshi sai ya ƙulle ya yi wa kaza wuyar narkewa, ta yadda zafin da zai gyara ƙwayar shi ne zai rage amfaninta. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar Jibiya, inda gero da dawa suka fi karɓar ƙasa, masara kuwa sai an yo ta daga Funtuwa da Bakori da Giwa da Saminaka. Ita ma dawar iri-iri ce. Kaura tana da launin rawaya da kan taimaka wa gwaiduwar ƙwai, farafara ba ta da shi, wasu jajayen kuma suna da wani sinadari mai bauri da ke rage wa kaza cin abinci. Manomin Daddara ya san waɗannan sunaye tun yana yaro. Buhun da ya saya, in ya ambaci dawa ma, da kalma ɗaya yake ambatonta.

Sai mai. Masu sana'ar ƙuliƙuli sun riga injiniyoyi sanin cewa tunkuzar da ba a matse manta sosai ba ba ta yin tauri. Haka yake a inji. Mai yana lulluɓe gari ya hana tururi ratsa shi, yana kuma sa shi ya sulale ta cikin ɓuloli ba tare da ya matsu ba. Injin zai yi gudu, wuta za ta ragu, amma ƙwayar za ta fito da rauni. Da zarar man da aka zuba a wurin gaurayawa ya wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, ƙwari ya fara zubewa, shi ya sa manyan masana'antu suke fesa sauran man bayan ƙwayar ta fito. To, ga inda kishin yake: mai shi ne mafi ƙarfin abin da ke ba kaza kuzari, kuma a zafin bazara, lokacin da kaza ke rage ci, shi ta fi buƙata. Haɗin da aka rage wa mai, aka cika shi da dusar alkama, zai iya fitowa da ƙwaya mai tauri da sheƙi, yatsa ya gamsu, kaza kuwa ta yi mako shida ba ta kai nauyin da aka yi tsammani ba.

Yanayin ƙasar ma yana da nasa hukunci, wanda littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba. Ƙa'idar da masu inji suke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na kimanin digiri 15 da tururi ya yi wa gari yakan bar masa damshi na kashi ɗaya. A watan Afrilu a Katsina, gari yana iya shiga ganga da zafin da ya kusanci digiri 40, ga masarar da iskar hunturu ta riga ta tsotse. Kafin tururi ya ba shi damshin da yake buƙata, zafi ya kai iyaka. Sai a samu ƙwaya busasshiya mai saurin karyewa, sai fa in an yayyafa ruwa tun a wurin gaurayawa. Da damina kuma abin ya juya. Ƙananan injinan da ba su da tukunyar tururi, waɗanda ake jiƙa musu gari da ruwa a shanya abin da ya fito a rana, sukan ba da felet mai damshi a ciki, kuma damshi a cikin ɗaurarren buhu gayyatar funfuna ce. Gubar funfuna ba sabon labari ba ne a kiwon tsuntsaye. An gano ta ne bayan da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka kai daga Burazil. Zafin injin felet ba ya kashe wannan guba. In ta shiga da gyaɗa ko da masara, da ita za a fito.

Ma'adinai su ne mafi ƙanƙanta a ma'auni, amma su ne suka fi rikitarwa, a inji da kuma a harshe.

A fara da kalsiyam. Ɓawon ƙwai ɗaya yana ɗauke da kimanin giram biyu na kalsiyam, don haka abincin kajin ƙwai yake buƙatar kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari, alhali na kajin nama bai cika wuce kashi ɗaya ba. Don a cim ma wannan adadi sai an zuba garin dutsen farar ƙasa ko ɓawon kawa da ake kawowa daga bakin teku har kusan kashi ɗaya cikin goma na haɗin. Dutse ba ya ɗauri. Yana shiga tsakanin ƙwayoyin sitaci ya raba su, yana kuma cin farantin inji kamar yadda tsakuwa ke cin dutsen niƙa. Mai inji zai so a niƙe shi luƙui don ya ɓace a cikin ƙwaya. Kazar kuwa akasin haka take so. Yawancin aikin gina ɓawon ƙwai da dare take yin sa, lokacin da ba ta cin komai, kuma tsakuwar dutse mai girman milimita biyu zuwa huɗu ita ce ke zama a ƙundu tana narkewa a hankali har gari ya waye. Garin da aka niƙe luƙui yakan wuce da wuri, sai kazar ta koma zarar kalsiyam daga ƙashinta. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masu kajin ƙwai da yawa, ciki har da masu kiwon Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta samar, suke tsayawa kan gari. Mai kiwon da ya ɗauka cewa felet ya fi gari daraja a kowane hali, don ya fi tsada kuma ya fi kyan gani, zai iya sayen ƙwai mai sirin ɓawo da kuɗinsa.

Kalmar farar ƙasa ita kanta tarko ce. Bahaushe yana kiran dutsen da ake haƙa don yin siminti a Kalambaina da Malbaza dutsen farar ƙasa. Yana kiran farin yumɓun da ake haƙa a Ƙanƙara farar ƙasa. Yana kuma kiran ƙonannen dutsen da ake jiƙawa a shafe bango da wannan suna. Na farko shi ne abincin ɓawon ƙwai. Na biyu ba shi da kalsiyam na a-zo-a-gani, cika buhu kawai zai yi. Na uku yana ƙuna, zai iya illata baki da hanjin kaza. Ga mai shafen ɗaki bambancin bai taka kara ya karya ba, amma ga wanda ya ji a rediyo cewa a ƙara wa kaji farar ƙasa, bambancin shi ne jarinsa.

Fosfaras yana da nasa labari mai ban sha'awa. Kusan kashi biyu cikin uku na wanda ke cikin hatsi a ɗaure yake ta yadda hanjin kaza ba ya iya kwance shi, don haka ake ƙara garin ƙashi ko sarrafaffen fosfet. An daɗe da lura cewa fosfet ɗin da aka samo daga dutse yana goge ɓulolin faranti, yana kankare ƙanzon da ke maƙalewa a cikinsu, sai gari ya wuce cikin sauƙi, inji ya fitar da kaya da yawa a awa. Da aka samo sinadarin faitas, wanda ke kwance fosfaras ɗin hatsi, sai aka rage zuba fosfet, kuɗi ya ragu, amma masu inji suka ga aikinsu ya yi nauyi, ga shi kuma faitas ɗin ba ya jure zafin tururi sai an lulluɓe shi ko an fesa shi daga baya. Haka wasu bitamin na cikin firimis suke raunana da zafi. Kowane gyara yana zuwa da nasa bashi. Akwai dutsen fosfet a ƙasar Tawa da kuma yankin Dange da Shuni a Sakkwato, kuma mai neman arha zai iya ganin hanya ta buɗe. Ɗanyen dutsen yana ɗauke da fulorin mai yawa, wanda ke lalata ƙashi, sai an cire shi kafin ya zama abincin dabba. Takin gona daban, abincin kaji daban, ko da yake suna ɗaya ake kiran su da shi.

Gishiri kaɗan ake so, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari uku na haɗin. In ya gaza kaji su rage ci su kama tsattsagar juna, in ya yi yawa su yi ta shan ruwa, kashinsu ya tsinke, shimfiɗar akurki ta jiƙe. A lokacin tsananin zafi masana kan maye gurbin wani kaso na gishirin da hodar bakabonet, domin kazar da ke haki tana rasa abin da take gina ɓawon ƙwai da shi. Nan ne kanwa take shigowa, tunda dangin wannan sinadari ne suka fi yawa a cikinta. Turancin Nijeriya yana kiranta fotash, sunan da ke nuna fotasiyam, alhali sodiyam ne jigonta. Kuskuren fassara ne da ya zauna da gindinsa, kuma wanda ya haɗa abinci bisa wannan suna zai ninka sodiyam bai sani ba. Ba a banza aka ce kanwa uwar gami ba. Ƙarfinta ya bambanta daga mahaƙa zuwa mahaƙa, wata da yashi, wata da gishiri, wata da abin da ke sa zawo. Likitocin Zariya ma, a shekarun 1970, sun danganta ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan jego. Abin da zai iya yi wa babban mutum haka ba a zuba wa ɗan tsako shi da ka.

Akwai kuma yumɓun bentonait, wanda ake zuba kashi ɗaya ko biyu don ya ɗaure ƙwaya, kuma yakan kama wani kaso na gubar funfuna a cikin hanji. Yana da amfani, amma ba abinci ba ne. Shi ne hujja mafi sauƙi a kan gwajin yatsa, domin da yumɓu ana iya taurara haɗin da ba shi da kirki. Yashi kuwa, wanda marasa tsoron Allah kan cuɗa da dusa ko da garin ƙashi don nauyi, yana cin faranti, yana cin kuɗin mai saye.

Duk waɗannan ma'aunai suna motsi ne da farashin hatsi, farashin hatsi a wannan yanki kuwa yana motsi da ƙofar Magama. An rufe iyakokin ƙasa na Nijeriya a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022. A Yulin 2020 Babban Bankin Nijeriya ya hana kuɗin waje ga masu shigo da masara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufe iyakar har zuwa Maris na 2024. Ga kuma matsalar tsaro da ta hana noma a gonaki masu yawa na Jibiya da Batsari. Duk lokacin da masara ta yi tsada, mai haɗa abinci, babba ne irin masana'antun Kaduna da Jos ko ƙarami ne mai inji ɗaya a bayan kasuwa, dole ya sake lissafi: a ƙara dawa, a ƙara dusa, a sa tunkuzar angurya a madadin wani kaso na waken suya. Wannan ba laifi ba ne, sana'ar ke nan. Amma sunan da ke jikin buhu ba ya canzawa, sitata tana nan sitata, finisha tana nan finisha. Sannan in an rufe ƙofa kaya kan koma bayan babur ta hanyoyin daji, kuma kowace jijjiga da kowace saukewa tana mayar da wani kaso na felet gari. Man da aka fesa a bayan ƙwaya, da duk wani sinadarin da aka fesa tare da shi, a wannan garin suke taruwa, a gindin buhu. Wanda aka auna wa mudun farko da wanda aka kakkaɓe wa na ƙarshe kuɗi ɗaya suka biya, abinci biyu suka saya.

Abin takaici shi ne, harshen da ake wannan ciniki da shi ba matalauci ba ne a fagen ma'adinai. Ayarin da ke zuwa Bilma sun bar wa Hausa kantu na dabbobi da beza na miya. Akwai mangul na ƙasar Manga, da ungurnu na bakin Tafkin Cadi, da jar kanwa da farar kanwa, kowanne da aikinsa da farashinsa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana irin waɗannan kalmomi, littafin da Paul Lovejoy ya wallafa a 1986 kan cinikin gishiri a tsakiyar Sudan kuma ya nuna yadda fatake suke rarrabe su dalla-dalla. Makiyayi na da ya san wace kanwa zai ba doki, wace zai ba saniya. Jikansa mai kaji ɗari biyu a bayan gida yana da kalma ɗaya, dusa, ko kuma abinci, ga duk abin da ke cikin buhu. Ilimin ya koma wani harshe, kuma nazarin Hausa bai bi sawunsa ba. An yi aiki mai kyau wajen samar da kalmomin nazarin harshe da adabi, kamar wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, an kuma samu Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006. Ɗalibai sun rubuta kundaye masu yawa kan kaza a karin magana da tatsuniya. Kazar da ake ci da ita a yau, mai bashin banki a kanta, ba ta samu irin wannan kulawa ba.

Za a ce wannan aikin masana kimiyyar dabbobi ne. Gaskiya ne su ne masu ilimin, kuma cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana fitar da ƙasidu da shirye-shiryen rediyo da Hausa. Amma masanin abincin dabbobi ba a horar da shi ya lura cewa farar ƙasa abu uku ce a kunnen mai sauraro ba. Za a kuma ce kasuwa ta riga ta yi wa kanta magani da aro, ga felet, ga firimis, ga sitata. Wannan ma haka ne, kuma babu dalilin korar waɗannan kalmomi a kawo wasu dogayen ƙirƙirarru da ba wanda zai furta a shago. Aron ya kawo sunayen kaya, bai kawo sunayen halayensu ba, kamar ƙwarin ƙwaya, da yawan garin gindin buhu, da damshi, da girman tsakuwar dutse, da ranar da aka haɗa. Waɗannan su ne abubuwan da mai saye zai yi jayayya a kansu, kuma yawancinsu suna da kalmomi a bakin masu fura da masu ƙuliƙuli da masu injin niƙa, jiran mai tattarawa suke yi. Suka mafi nauyi ita ce, buhu zai iya yin ƙarya da Hausa kamar yadda zai iya yi da Ingilishi. Babu musu. Tabbatar da gaskiyar abin da aka rubuta aikin ɗakin gwaji ne da hukumomi irin su NAFDAC da Cibiyar Kimiyyar Dabbobi ta Nijeriya, da kuma sabuwar Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024. Sai dai hukuma ba ta motsi sai an kai ƙara, kuma wanda bai san sunan abin da aka cuce shi a kansa ba, iyakarsa ya ce kajin ba su yi albarka ba.

Iyakar Jibiya ta ƙara wa batun wani armashi. Buhu ɗaya yana iya fitowa daga inda ake rubutu da Ingilishi ya ƙare a hannun wanda ya yi makarantar Faransanci, alhali mai sayarwa da mai saye da direba da ɗan dako duk Hausa suke yi. A watan Maris na 2025 sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, da ta Tarayya da ke Dutsinma, da ta Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi, duk suna kewaye da wannan hanya, kuma a tsakaninsu akwai masana harshe da masana noma. Ƙaramin ƙamus na abincin dabbobi da aka tattaro daga bakin masu injin niƙa na Katsina da dillalan Dawanau da matan da ke kiwo a Daddara da Ɗan Isa, aka tace shi tare da masana kiwo, aka rubuta shi da boko da ajami, aka kuma karanta shi a rediyo saboda masu sayen mudu, bai fi ƙarfin kundin digiri na biyu guda biyu ko uku ba. Daga nan ne za a iya neman hukuma ta wajabta rubuta kayan haɗi da ranar haɗi da Hausa a jikin buhu, domin ba a wajabta rubutu da kalmomin da ba a daidaita ba.

Shigar farko da ta kamata a yi wa aiki ita ce ta farar ƙasa, kuma gwajinta yana cikin kowane madafi. In aka ɗiga ruwan lemon tsami a kan garin dutsen da ke da kalsiyam, zai yi kumfa yana tsuwa. Farin yumɓun Ƙanƙara zai jiƙe ne kawai ya yi shiru. Ƙonannen dutse kuwa tun da ruwan zalla yake ɗaukar zafi. In kuma aka jiƙa tafin felet a kofin gilashi aka motsa aka bar shi ya kwanta, abin da ya fi nauyi zai riga sauka, a ga yawansa da ido, a ɗiga masa lemon a gane dutsen ƙwai ne ko yashin gulbi.